Shuɗin Duron Muniratu

Duk wanda ya shiga ɗakin Muniratu a Morris Heights, da shuɗin duron nan na bayan ƙofa zai fara cin karo. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Tun zuwanta New York, duk abu mai kyau da ta saya a cikin duron yake ƙarewa: farantan tangaran, zannuwan gado, labule. Wai na gidan da take ginawa a Kumasi ne. Ita kuwa a tsohuwar roba take cin tuwonta, kuma in ka ce ta mori kayanta, harara za ka sha.

Bana hutun da aka ba ta bai isa zuwa Ghana ba. 'Yarta Sumaya ta ce, "Mma, ki yi staycation mana."

"Wace ƙasa ce kuma wannan?"

"Ba ƙasa ba ce. Turawa suka haɗa stay da vacation lokacin da mai ya yi tsada, suka kasa tafiya. Ki zauna gida ki huta, that's it."

Muniratu ta taɓe baki. "Zaman banza suka raɗa wa suna."

Hutun bai yi nisa ba aka kira ta. Fauzia, aminiyarta da suke shiga jirgin ƙasa tare kullum da safe, ta rasu. Bayan sadaka mata suka taru suna haɗa kayan mamaciyar, aka ce Muniratu ta buɗe duron Fauzia, don ita ma ta ajiye irinsa. Atamfofi a ninke, tukwane ko wuta ba su taɓa gani ba. Can ƙasa ga wani kofin shayi mai zanen fure. Tare suka saye shi a Harlem, Fauzia tana dariya tana cewa a barandar gidanta na Tamale za ta fara sha da shi. Muniratu ta riƙe kofin, tausayi ya kama ta, tsoro kuma ya biyo baya.

Washegari Sumaya ta dawo daga makaranta ta tarar da sabon labule a taga, shinkafa da wake na tururi a farantin tangaran.

"Mma! Ba na Kumasi ba ne? In ya fashe fa?"

Muniratu ta tura mata farantin. "Zauna ki ci. In ya fashe, a hannunmu ya fashe."