Takardu Biyu da Hannuna

Shekarar da gwamnati ta kafa kwamitin sake shata burtalin shanu a yankinmu, ina koyarwa a firamaren Zandam, kuma an san ni da iya tsara takarda. Gonaki sun daɗe suna cin burtalin kunya-kunya, har ya zama shanu biyu ba sa jerawa a cikinsa. Zaɓe ya matso, kowa kuma ya gane cewa mutum ɗaya ba ya da murya a ofis. Sai an je a ƙungiyance, da hatimi, da jerin sunayen masu katin zaɓe, sannan ake ba ka kujera.

Ƙungiyar manoma ce ta fara zuwa. Babana ne mataimakin shugabanta, don haka ba roƙona aka yi ba, umarni aka ba ni. Na rubuta cewa a bar iyaka inda take, manoma sun fi yawa, kuma ba za su manta da wanda ya taɓa musu gona ba. Aka dangwala yatsu, aka buga hatimi.

Bayan kwana huɗu sai ga kawuna, yayan innata, wanda yake jagorantar ƙungiyar masu shanu. A gidansa na yi shekara biyu ina shan nono lokacin da innata take jinya. Ya zauna a zaure ya ce sun ji manoma sun samu mai rubutu, su kuwa ba su da kowa sai ni. Bakina ya kasa cewa a'a. Na so in kai a buga da na'ura a Gwaram, amma mai shagon ya fi rediyo yaɗa labari, sai na rubuta da hannuna ina karkata haruffa kamar ɗan aji uku don kada a gane rubutuna.

A nan na tafka wautar. Alƙalami ya yi mini daɗi, na so takardar kawu ta yi ƙarfi, sai na sa cewa tsohon burtali ya bi ta gabas da wata tsamiya, har akwai dutsen iyaka a binne a gindinta. Tsamiyar a gonar babana take. Shi ya nuna mini dutsen wata rana muna sharar gona, ya mayar da ƙasa ya rufe.

Daga ranar na daina jin daɗin abinci. In an yi sallama a ƙofar gida gabana ya faɗi. A masallaci ina ganin kamar kowa ƙeyata yake kallo. A garinmu an fi yafe wa ɓarawo a kan munafuki, ni kuwa ga shaidata har kashi biyu a cikin jakar gwamnati.

Kwamitin ya zauna a Birnin Kudu. Kowace ƙungiya ta cika motoci, don a ga yawanta kafin a ji bakinta. Na ɗauko Baba a babur, na zauna can baya ina zufa. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau, ya jera takardun biyu a kan tebur, ya dubi wannan ya dubi waccan. Na fara lissafin garin da zan nemi canjin aiki. Ashe shi rubutun bai dame shi ba, sunaye yake dubawa, yana auna wace ƙungiya ta fi nauyi.

Sai ya sa aka karanta takardun. Da aka zo kan tsamiya da dutse, manoma suka yi ta gunaguni cewa ƙarya ce. Dattijon ya ce abu mai sauƙi ne, za a tura a tona. Na saci kallon Baba. Bai waiwayo ba, carbinsa kawai ya tsaya a hannunsa.

A hanyar komawa ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Ina jin numfashinsa a bayana. Na yi ta addu'a ya zage ni, ko ya mare ni, in huta. Mun wuce Gwaram sai ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka, ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi hanya, ba ni ba.

"Dutsen nan," in ji shi, "ko innarka ba ta san da shi ba."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce in wuce, zai ƙarasa da ƙafa. Sauran tafiyar ba kaɗan ba ce, ga rana. Na kashe babur na bi shi a baya ina turawa, bai sake juyowa ba har muka shiga gari.