Tedeyash a Gidan Rufa'i

Karima ɗiyar maƙwabcina ce, Rufa'i, mai sayar da kayan babur a Dogon Dutsi. Tun tana ƙarama ba ta da zama. A aike ta sayen gishiri, ta dawo da labarin akuyar da ta haihu a hanya, gishiri kuwa babu. Da ta shiga kwaleji abin ya ƙaru. Malami na bayani tana kaɗa ƙafa, ko ta amsa tambayar da ba a gama yi ba. 'Yan aji suka sa mata suna Guguwa. In an taso lakwal, wato makaranta, sai ta bari kowa ya wuce, sannan ta kamo hanya ita kaɗai.

Rufa'i mutum ne mai gudun a yi da shi. Da ƙarar da malamai ke kawowa ta yi yawa, ya ce ƙarshen shekara zai cire ta daga karatu. Wani malaminsu ya roƙe shi ya kai ta asibiti a Yamai tukuna. Likitan can ya ce ba hauka ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, wahalar tsai da hankali wuri ɗaya ce da yawan motsi. Ya faɗi sunan abin da baƙaƙen Faransanci, wanda a bakinmu ya zama Tedeyash.

Labari ya kai Geceme wurin uwar Rufa'i, tsohuwa Lantana, wadda ta tashi a gidan bori. Ta iso da yamma, abokan ɗanta na masallaci suna zaune a ƙofar gida, ni ma ina wurin. Ta shige ciki, muryarta kuwa ba ta san katanga ba.

"Ita wagga Tedeyash, doguwa ce? Ban taɓa jin ta ba. Ɗiyar wa ce cikin iskoki?"

"Inna, ba iska ba ce," in ji Rufa'i. "Don Allah ki rage murya."

Mu na waje kowa ya samu abin kallo a ƙasa.

"Ko mi ce ce, korar ta kuke so ku yi? Ba a korar irinsu. Tambayarsu ake abin da suke so, a zauna lafiya." Sai ta juya kan jikarta. "Ke, mai ƙafar fara, mi taka so?"

Ina tsammani ba a taɓa yi wa yarinyar wannan tambaya ba.

"Ba ta son zama, Kaka. In ina tafiya, karatu yana shiga."

"To wa ya ɗaure ki?"

Daga ranar Karima ta koma karatu a tsaye. Ta ɗauki darasi kaɗan, ta zagaya tsakar gida tana faɗi, ta aje ta yi daka, ta dawo. Malamin nan ya mai da ita bencin baya, inda za ta miƙe ba ta tsare wa kowa allo ba. Mantuwa ba ta bar ta ba, amma ƙara ta ragu.

A unguwa kuma aka ce gidan Rufa'i ana zama da iska. Rufa'i, mutumin da kan gyara wa wasu addini, ya daina zaman ƙofar gida. Karima ta san saboda wa, har ta rage fita.

Ta wuce aji da ƙyar. Duk hutu uban bai tada maganar cire ta ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ranar komawa lakwal na fito da safe, na gan shi ya tada babur, ita tana baya da jakarta. Akwai ƴar hanya ta bayan gari da babu mutane. Bai bi ta ba. Ya bi ta gaban masu shayi, fuskarsa a ɗaure, bai dubi kowa ba.

Bana tana ajin gaba.