Kwana Shida na Alhaji Muntaka Kura

An rubuta wannan tarihi domin godiya, da kuma jan kunnen duk wanda aka kira shi wurin ɗan'uwansa ya ce sai ya sami sarari.

Haihuwa da karatu

An haifi Alhaji Muntaka a shekarar 1957 a garin Kura ta ƙasar Kano. Mahaifinsa Malam Sharfuddeen manomin rani ne, mahaifiyarsa Hajaratu. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa yana ɗan shekara sha shida, bokon kuwa aji huɗu ya yi.

Sana'a da iyali

A 1979 ya biyo motar tumatir zuwa Enugu, ya fara da dako, har Allah Ya hore masa rumfa a Kasuwar Artisan. A 1984 ya auri Bara'atu, suka zauna a unguwar Uwani, sannan ya ɗauko ƙanensa Salisu daga gida ya koya masa ciniki. A 2011 saɓani ya shiga tsakaninsu kan shugabancin 'yan tumatir, Salisu ya tattara ya koma Fatakwal. Shekara goma sha biyu, in ban da gaisuwar Salla ta waya, babu abin da ya haɗa su.

Jinya

Ranar 6 ga Yuli, 2023, aka kwantar da shi asibiti da ciwon huhu mai tsanani, aka sa masa iskar numfashi. Sau uku ana ɗibar jininsa cikin kwana biyar. Ranar Talata, 11 ga wata, likitarsa, Dakta Ezeani, ta kira 'yarsa Rahama, wadda ita ma awon jini ne aikinta, ta nuna mata takardun: alamomin kumburi da na daskarewar jini suna hawa, ƙwayoyin da ke yaƙar cuta suna raguwa, duk da maganin da ake yi. Ta ce ita ba ta san gaibu ba, amma mafi yawan waɗanda ta ga jininsu ya bi wannan hanya ba su tashi ba.

Dangi suka ce a ɓoye masa. Shi kuwa da ya dubi fuskar 'yarsa sai ya ce, "Rahama, ni na biya kuɗin karatun nan. Karanta mini." Ta karanta. Ya yi hamdala, ya ce Allah Ya yi masa gata da aka yi masa sallama kafin a shigo. A kwanakin da suka biyo baya ya yi wasiyya, ya nemi gafarar matarsa da maƙwabtansa Inyamurai, ya sa wa likita albarka. Buri ɗaya ya rage masa: ya ga Salisu ido da ido su yafi juna.

Tun ranar Talatar Rahama ta aika wa Salisu hoton takardun da bayani. Ya bugo waya ya ce, "Yaya, ya jikin?" Alhaji ya amsa yadda kowane mai tawakkali ke amsawa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka zo." Salisu ya riƙe maganar farko ya saki ta biyu. Ya ce wa Rahama, "Ke 'yar nan, takarda ce Allah? Ga shi da bakinsa ya ce da sauƙi. In na sauke kaya zan shigo."

Rasuwa

Alhaji Muntaka ya rasu da hantsin Litinin, 17 ga Yuli, 2023, yana da shekara sittin da shida, bayan ya shaida wa liman da mutum biyu cewa ya yafe wa ƙanensa duniya da lahira. Litinin ranar zaman gida ce ta dole a Enugu, ba shiga ba fita, Salisu bai sami motar da za ta shigo da shi ba. Motar asibiti ce ta kai mamacin maƙabartar Musulmi, aka yi masa sutura bayan Azahar.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Hafizu, Rahama, Umair, Mu'minat da Juwairiyya, da jikoki tara. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa waɗanda suka gaya masa gaskiya.

Salisu ya iso Talata da rana. An ba shi kwana shida, tafiyar kuwa ta wuni ɗaya ce. Bai ga yayansa ba, bai sallace shi ba, bai zuba masa ƙasa ba. Gafarar da aka yi masa a bakin liman ya ji ta, tasa kuma bai sami wanda zai faɗa wa ba.