Ranar da Akwati Ya Koyi Guɗata

Tsufa ya fara kwashe min sunayen jikoki, amma ba zai kwashe min ranar da na tafi Sabon Gari yin faɗa da akwati ba.

A lokacin kuɗin man fetur ya shigo gari, kowa na sayen rediyo da babur, biki kuwa ba ya yankewa. Ni ce mai guɗar Fagge. Ban taɓa shiga aji ba, amma in na riƙe hanci na rangaɗa, har Kwaciri an san an kawo amarya. Sai wata ƙawata mai tuyar masa ta fara yi min tsiya.

"Ki nemi wata sana'a, ƙawata. An kawo wani fiyano mai lantarki, yana kukan sarewa, yana kukan tsuntsu. Guɗa kuwa an ce ko numfashi ba ya tsayawa yi."

Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai. In akwati zai yi guɗa, wa zai sake aiko min da goron gayyata? Na yafa mayafi na tafi.

Mai abin wani Ibo ne makaɗi, haifaffen Kano, Hausarsa tas. Na zaci zan ga dodo, sai ga ɗan akwatin katako mai haƙora farare da baƙaƙe, samansa cike da maɓallai irin na rediyo.

"Sa shi ya yi guɗa in ji," na ce.

"Hajiya, bai iya ba. Sai dai ki koya masa."

Na riƙe hanci na saki ɗaya, har matarsa ta leƙo daga tsakar gida. Ya danna haƙori ɗaya ya murɗa maɓalli, abin ya yi kuka kamar akuya.

"Wannan ko a sunan ɓera ba za a gayyace shi ba," na ce.

Ya yi ta murɗawa, ina ta maimaitawa. Can sai muryar ta siranta, ta hau sama, ta fara karkarwa. Na matso kusa, don ni ce nake fitowa daga cikin katako.

Da ya juya ya yi wani kiɗan, na ce ya dawo min da muryata. Ya nema ya rasa. Ashe akwatin ba ya riƙe komai. Da an taɓa maɓallan, shi ke nan. Ya kamata in yi murna, tunda sana'ata ta tsira. Sai na ji kamar an yi min rashi. Muka sake nemo ta, na karɓi jan farcen matarsa, na ɗiga alama a gefen kowane maɓalli.

Na ci gaba da guɗata shekaru, ba wanda ya ƙwace min biki. Yanzu numfashi ya ƙare, makaɗin ma ya rasu. Ɗansa ya hana 'yan gwangwan akwatin, ya kai aka gyara. Bara ya kawo min shi har ɗaki, ya daidaita maɓallan a kan ɗigon jan farcen, jikokina suka ji guɗata ta lokacin da nake da ƙarfina.

Abin da na koya shi ne, kafin ka jefar da tsohon abu, ka tambaya ko muryar wani na kwance a ciki.