Kunnen Mai Fanka

A layin masu gyara da ke bayan tashar mota, shagon Mai Fanka ne na ƙarshe kafin kwalbati. Tun yana saurayi yake wurin. Fankoki ne rataye a rufi, wasu a jingine da bango ba kai, ga farfela jibge a kwali. Yadda yake aiki kowa ya san shi: ya kunna fankar, ya ɗora bakin sukudireba a bayan injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. In ya buɗe sai ya ce boris ne ya ci, wato zoben da sandar injin ke juyawa a ciki, ko koyil, naɗin wayar injin, ya fara ƙonewa, kuma shekara da shekaru da wuya a kwance a tarar da wani abu daban.

Ɗayan abin da aka san shi da shi kuwa zargi ne. In ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, zai wuni yana tunanin abin da kake nema. Matarsa, kafin ta rasu, takan ce ko ruwa ta miƙa masa sai ya leƙa gindin kofin. Tela, maƙwabcin shagonsa, ya sha cewa ranar da Mai Fanka ya yarda da wani ɗan Adam, ranar zai yi wa duk layin ɗinki kyauta.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta fara cewa kunnensa ya yi nauyi. Ta lura sai ta maimaita magana, ta kuma ji an fara dawo masa da fankokin da ya gyara. Ta ce ya je likitan kunne ya duba shi, in abin ya tabbata ya bar shagon ya koma gidansu ya huta. Shi kuwa ya san ma'anar wannan hutun: a ajiye shi a ɗakin baya, a riƙa leƙo shi ana tambayar ko ya ci abinci.

"Kunnena ƙalau yake," ya ce mata. "Ku ne kuka koma magana a ciki kamar masu ƙulla wani abu."

Mijin Auta mai zane ne, amma zanen da ba a ratayewa a bango. Ɗaki yake shiryawa da haske da sauti, mutane su shiga su fito suna gyaɗa kai. Mai Fanka bai taɓa ganewa ba, kuma mutumin da ba a iya faɗin sana'arsa a taƙaice, a wurinsa abin sa ido ne. Saboda haka da Auta ta zo ta ce an buɗe sabon aikin mijinta, tana so Baba ya gani, sai ya amsa da to, ya kuma ƙudurta a ransa cewa jarrabawa ce aka shirya wa kunnensa.

A mota Auta tana ta hira. Ta ce jiya wata mata ta fito daga ɗakin tana share hawaye, wai ta ji muryar mijinta da ya rasu. Mai Fanka ya yi tsaki ya juya wajen taga.

Wurin tsohon ɗakin ajiyar kaya ne da aka shafe da farin fenti. A bakin wata ƙofa mai baƙin labule akwai wata mata a tsaye, duk wanda zai shiga sai ta matsa ta raɗa masa magana guda a kunne. Da ta matso kusa da shi, sai ya ɗaga hannu.

"Riƙe abinki, 'yata. Ni da kunnena na zo."

Ciki duhu ne, sai wani farin ƙyalle mai faɗi da ke rataye daga rufi, majigi na haska shi. Ba hoto ba ne sosai, wata inuwa ce toka-toka da ke taruwa tana watsewa. Daga lungunan ɗakin wani gurnani ke fitowa, mai kauri a ƙasa, da ɗan shuu a samansa. Ya tsaya ya harɗe hannu yana neman inda aka ɓoye lasifikar. Ya gano biyu. Yana neman ta uku ne ya ji muryar matarsa.

Can ƙasan gurnanin, kamar daga tsakar gida ake magana mutum yana ɗaki, ya ji an ce, "Malam, ruwanka zai huce." Ya ɗaga kai. Inuwar da ke kan ƙyallen ta taru ta zama mace ta ba da baya, ta ɗan sunkuya, mayafi ya zamo daga kafaɗa ɗaya yadda nata yake zamowa. Aka sake maimaita maganar. Ya nemi bango ya dafa.

Da ya fito bai bi ta kan kowa ba sai surukin nasa, wanda ya russuna yana gaishe shi.

"Wa ya ba ka muryarta?"

"Muryar wa, Baba?"

"Kada ka yi mini wannan. Auta tana da saƙonnin uwarta a waya, na sani. Kun ɗauka kun cusa a cikin injinku, ku ga ko tsoho zai ji ko ba zai ji ba. To na ji. Sai ku sake wata dabara."

Surukin ya dubi Auta, ya dubi ƙasa. Cikin ladabi ya ce babu muryar mutum ko ɗaya a ciki. Iska ce da ya ɗauka tana bi ta cikin bututu, da ruwan sama a kan kwano, ya rage musu gudu ya haɗa. Inuwar kuma haske ne da ya bi ta cikin ruwan da ake motsawa a roba. Matar da ke ƙofa takan gaya wa wani kogi zai ji, wani kasuwa, kowa kuma ya fito da abin da aka ba shi. Ya ce in Baba yana so, zai kunna masa kowane sauti shi kaɗai.

"Ka kunna mini wanda ka ga dama, ka ɓoye wanda ka ga dama," in ji Mai Fanka.

Abin ya hana shi sakat. Yana ɗaure farfela yana lissafi: in muryar tana ciki, 'yarsa ta yi masa ƙarya. In ba ta ciki, kunnen da yake ci da shi ne ya yi masa ƙarya. Bai san wanne ya fi so ya zama gaskiya ba.

Ranar da kasuwa ta yi sanyi ya ja Tela suka koma wurin aikin surukin nasa, ba tare da ya gaya wa Auta ba. A hanya ya ce masa, kamar ba da wata manufa ba, "Akwai wani kare da ke haushi daga nesa a ciki, da mutum yana gudu. Abin ban tsoro." Ya hana matar ƙofa yi musu raɗa, suka shiga.

Ba su daɗe ba Tela ya damƙe masa hannun riga. Da suka fito yana dariya yana haki.

"Ka ji karen nan kuwa? Har ƙafa na ɗage. Ga mutumin can a ƙyalle yana ta zabga gudu, rigarsa na tashi."

"Babu kare. Ni na ƙirƙira."

"Ƙirƙira ko ba ƙirƙira ba, ni dai na ji haushi."

Mai Fanka ya ƙare masa kallo. "Ko yaron nan, mijin Auta, ya riga ya gan ka?"

"Ya gan ni, ya ba ni mota da gida. Kai dai Allah Ya shirye ka."

Abin da bai gaya wa Tela ba shi ne, shi ma ya ji karen. Ƙaryar da ya ƙaga da bakinsa ta dawo masa ta kunne, haushi siriri daga can nesa. Ya kasa kunne iya ƙarfinsa yana neman ɗaya muryar, ya zuba wa ƙyallen ido ko mayafin zai sake zamowa, amma ba ta dawo ba. A hanyar komawa ya tuna hirar Auta a mota, ta matar da ta ji mijinta. Ko da gangan ta faɗa? Ya juya maganar ta kowane ɓangare bai samu inda zai kama ta ba.

Da ya zauna a benci washegari, wani tunani ya zo masa wanda ya fi sauran ɗaci. Duk wanda ya kawo fanka, kafin ya sauke ta ya riga ya ce tana ƙara, ko tana gurnani, ko tana tsuwwa. Shi kuma sai ya ɗora sukudireba ya ji daidai abin da aka ce. Tun yaushe yake jin bakin masu kaya a maimakon injin?

Wata malamar makaranta ce ta fara zuwa, da fankar tebur a hannu. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya tsayar da ita.

"Kada ki gaya mini komai, Malama. Ajiye nan."

Ya kunna, ya ɗora sukudireba, ya rufe ido. Injin na tafiya sumul. Ya ƙara danna ƙotar a kunne har ta yi masa zafi, ya sauya zuwa ɗaya kunnen. Sumul.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce.

Malamar ta dube shi, ta dubi bayansa. Tela ne tsaye a ƙofa da almakashi a hannu, fuskarsa a yamutse.

"Wace ce wannan ke tsuwwa haka kamar ɓera a tarko? Har cikin shagona."

Da faɗin haka sai tsuwwar ta cika wa Mai Fanka kunne, siririya mai kaifi, kamar dama can tana nan. Ya dubi Tela, ya dubi malamar, yana neman alamar sun haɗa baki. Ba su ma san juna ba. Ya ajiye sukudireba ya ɗora tafin hannunsa a bayan injin, ya ji wata 'yar karkarwa da bai kamata ta kasance ba. Ya kwance, ya tarar boris ya bushe ƙayau. Ya canza shi, Tela kuwa ya koma kan kekensa na ɗinki ba tare da ya ƙara tsokana ba.

Da rana ta yi sanyi ya ja ƙofar shagon rabi, ya kira Auta a waya.

"Likitan nan naki, yaushe yake zama?"

Ta ce, "Gobe ma yana nan, Baba. In zo in ɗauke ka?"

"Ki zo. Amma a mota ba na son hira. In mun isa kuma ki tsaya a waje, ni zan fara shiga. Ba ke za ki gaya masa abin da zai samu ba."

"To, Baba."

"Maganar shago kuma ba yanzu ba. Sai na ji abin da ya ce, in kai wa wani likitan in ji ko bakinsu ya zo ɗaya."