Rigar da Aka Ɗinka da Lalube

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu ido ya kuma haɗa mana da yatsu.

Baba, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne a ƙauyenmu da ke gindin duwatsu kusa da Roni, kuma maɗinkin riga ne. A wurinsa na koyi rubutun ajami tun kafin a kai ni boko, da alƙalamin gamba da tawadar da yake haɗawa da kansa. Da wannan alƙalamin dai yake zana aiki a gaban babbar riga: aska biyu masu saukowa kan aljihu, da tambari, wato da'irar nan da ke naɗewa kamar gammo a ɗaya gefen ƙirji. In ya gama zane sai ya bi shi da allura.

Yana da wata al'ada da bai taɓa karyawa ba. Duk ɗansa namiji, shi yake ɗinka masa rigar da zai sa ranar ɗaurin aurensa. Yayyena maza kowa ya sami tasa. Ni ne auta, ni kaɗai na rage.

Daminar da nake ba da labarinta, ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba. Ina kwalejin horon malamai a Kano, na dawo dogon hutu. Kuɗi sun fara yawo a ƙasa, samari na yayin shadda, teloli a Kazaure sun sayo kekunan da ke gama aikin wuya a yini guda. Na tarar da Baba yana karatu da takarda dab da hancinsa. An riga an kai shi asibiti, an ce ba yanar ido ba ce da za a cire, ganin ne ke janyewa, kuma ba zai dawo ba.

Washegarin isowata ya sa aka ɗauko masa farin ƙyallen da ya sa wani masaƙi a kasuwar Gwiwa ya saƙa masa. Inna ce ta kaɗa zaren tun da rani. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, domin zaure ya yi masa duhu.

Yayata mace tana gida lokacin, ta zo wankan jego. Tana zaune tana ɗinkin faifai, jaririyarta na barci a gefe, ta ɗago kai.

"Baba, wannan rigar wa?"

"Rigar auren Auta."

"Ikon Allah! Auta, ashe ka yi budurwa ba mu sani ba? 'Yar gidan wa ce?"

Na ce ni ban da kowa, karatu nake yi.

"To Baba, an taɓa yin riga kafin amarya?"

Baba ya shafa ƙyallen da tafin hannu ya ce, "Amarya za ta jira. Idona ne ba zai jira ba."

Yaya ta mai da kanta kan faifanta. Inna kuwa ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe tana jan itace a murhun da wutarsa ke ci lafiya lau.

Baba ya tsoma alƙalami ya fara zane. Hannunsa bai manta komai ba, amma in ya ɗaga alƙalami don ya ƙara tawada, sai ya kasa gane inda ya tsaya. Aska ta biyu ta hau kan ta farko. Ina gefensa ina kallo.

"Auta, askar nan ta miƙe?"

"Baba, ta ɗan taɓa 'yar'uwarta."

"Kaɗan ko da yawa?"

"Da yawa, Baba."

Ya ce in wanke. Na wanke tawadar kamar yadda ake wanke allo, muka shanya. Da ya bushe ya miƙo mini alƙalamin, ya sa aka aro rigar babban wanmu don in riƙa dubawa. Na zana, na kuwa yi ƙoƙari. Sai dai da ya ɗauki allura ya kawo ƙyallen dab da fuskarsa, ya juya shi ta hasken rana, ya sake juyawa, layin tawadar bai fito masa ba. Ya soke allurar a hularsa ya ce a naɗe.

Kwanaki suka wuce ba wanda ya ta da zancen. Muna zuwa gona da safe, mu dawo mu tarar da Inna ta yi kwaɗon rama ko dambun zogale, Yaya na shan kunun kanwarta tana ƙorafin zafinsa. Babban wanmu ya zo gaisuwa, ya ce cikin ladabi ai ana iya kai ƙyallen Kazaure a buga aikin a keke, Baba ya sa albarka kawai. Baba ya ce, "Haka ne," bai ƙara ba. Ranar ko tuwon kirki bai ci ba.

Wata rana da la'asar Inna na talge, muciya a hannu, Baba na zaune kusa da ƙofar madafa yana jan carbi. Akwai wani tsohon faifai kusa da shi da talgen jiya ya ɗiga a kai ya bushe. Ya sa farce yana bin ɗigon, yana ɓamɓarewa, hankalinsa na wani wuri. Inna ta tsaya da tuƙi tana kallon yatsansa.

"Malam, kana jin wannan ɗigon?"

"Wane?"

"Wanda kake ɓamɓarewa."

"Ina ji mana. Yatsana lafiyarsa ƙalau."

"To in Auta ya bi zanen nan da talge, ya bushe ya yi tudu fa?"

Baba ya ce, "Tuwo a kan riga?"

"Ai wanke ta za a yi in an gama."

Yaya ta fashe da dariya har jaririya ta farka. "Shi ke nan, Auta, in yunwa ta kama ka wurin ɗaurin aure sai ka lashi ƙirjinka."

Inna ta ɗebo talge a ludayi, ta jiƙa ƙaro ta zuba don ya yi danƙo. Na tsinko tsinken tsintsiya na riƙa tsomawa ina bin layin tawada a hankali, kamar mai sa wasali a allo. Na bi askar nan biyu da tambari gaba ɗaya kafin magariba. Muka kai ƙyallen ɗakin Inna muka shimfiɗa a kan tabarma ya kwana ya bushe.

Da safe bayan mun dawo masallaci, Inna ta fito da ƙyallen tana riƙe da shi nesa da jikinta. Kiyashi sun same shi. Sun jeru a kan zanen kamar an aike su, sun bi aska, sun zagaye tambari, sun cinye fiye da rabi. Mu da muka san ko ƙwayar gero ba a bari a ƙasa da damina, ba wanda ya tuna.

Aka gaya wa Baba. Na ɗauka ransa zai ɓaci. Sai ya kai hannu ya laluba abin da ya rage, ya bi guntun layin da yatsa har inda ya yanke, kafaɗunsa suka fara motsi. Dariya yake yi, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba.

"Su ma sun ga zanen ya yi kyau," in ji shi. "Amma ina ji. Wallahi ina jin layin. Auta, zura mini zare."

Daga ranar muka sami yadda za mu yi. Inna ta riƙa dama talgen da ruwan ganyen darbejiya don ɗacinsa ya kori kiyashi, ni kuma ba na bin zanen duka, sai gwargwadon abin da zai ɗinka a yinin. Da asuba nake yi kafin in tafi gona. In rana ta fito ya bushe kafin hantsi, in hadari ne Inna ta kara shi kusa da murhu. Yaya ke zura masa zare in ba na nan, ta jera allurai a bakin faifanta, yana gama ɗaya ta miƙa masa wata.

Yana da ɗabi'ar lasar yatsa kafin ya murza zare. Duk sa'ad da ya manta ya lasa, sai ya yamutse fuska, ya ce, "Innarsu, wannan magani ne ko talge?"

Ita kuma ta amsa daga madafa, "Na kiyashi ne, Malam, ba naka ba."

Aikin bai yi sauri ba. Yatsansa na hagu na gaba yana laluben tudun, allura na biye. Ya sha sukar kansa, har akwai ɗigon jini guda kusa da aljihu da bai fita sarai ba. Wani lokaci ruwa ya tsuge mu kwashe komai mu shige ɗaki, a zauna ana cin gasasshiyar masara ana jiran ya ɗauke. Ina lura da shi: a farkon hutu yana gane ni daga bakin zaure, amma da gero ya fara fitar da kai sai na yi sallama yake sanin ni ne. Bai taɓa faɗa ba. Sai dai ya riƙa cewa in ƙara masa tsawon layin gobe.

Cikon da ke tsakanin layuka, mai ƙananan huji, ya fi ƙarfin lalube. Wannan ni ya bar wa, yana bin bayana da yatsa, inda ya ji ƙulli ya sa in warware.

Tambari ne ƙarshe. Ya faro daga waje yana zagayawa zuwa ciki, ya kai tsakiya ranar wata Alhamis, saura kwana kaɗan in koma makaranta. Ya ƙulle zaren, ya tsinke shi da haƙori, ya yi hamdala. Aka harhaɗa ƙyallen ya zama riga, Inna ta wanke ta, talge da tawada suka bi ruwa, aikinsa kaɗai ya rage. Aka kai wa mabuga suka buge ta. Da aka dawo da ita ya sa na saka, ya tashi tsaye ya gyara mini kafaɗa, ya bi ƙirjina da tafin hannu daga wuya har aljihu. Sannan ya zare allurar daga hularsa ya miƙa wa Inna ya ce ta ajiye. Bai sake neman ta ba.

Rigar ta yi shekaru a akwatin Inna kafin a sami amaryar. Ranar ɗaurin aure Baba ba ya ganin komai, wanmu ne ya riƙo hannunsa. Bayan an shafa fatiha na durƙusa gabansa. Ya kai hannu ya sami tambarin, ya zagaya shi, ya gangaro kan aska ta biyu, inda layin ya ɗan karkace. Ya tsaya a nan, ya sunkuyo kusa da kunnena don kada jama'a su ji.

"Nan ne kiyashi suka ci," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka, Auta. Tashi kar ka ɓata ta da ƙasa."