Hannun Surukina Bayan La'asar

Wata tukunya ce ta fara sa ni zargin surukina, kuma kwaɗayina ne ya kai ni gare ta. Na biya gidansa da rana tsaka, lokacin da ban saba zuwa ba, don in ajiye masa magani. Na leƙa kicin in sha ruwa, sai ga ƙaramar tukunya a kan risho, wani abu a ciki garai-garai kamar narkakken mai. Na waiga, ba kowa. Na tsoma yatsa na kai baki. Kafin in ce uffan abin ya daskare a harshena, ragowar ya kama gashin bakina ya sandare. Kakin kyandir ne. Haka na fito ina tofe-tofe, gashin baki a miƙe kamar tsintsiya.

Baba, surukin nawa, yana zaune a ɗaki, ya ɗago ido ta saman tabarau, ya ƙare mini kallo, ya ce, "Ka rufe tukunyar?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Suruki kuwa ba abokin wasa ba ne, balle ka ce masa, "Baba, miyar kyandir ka koma sha?" Na koma na rufe, na sauko daga bene ina ɓantarar kaki, kaina cike da tambaya.

Baba Akawu ake ce masa, shi ne mahaifin matata. Tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai yake buga tafireta a ofishin kotu. Wanda aka saki da wanda aka ɗaure, duk sai da suka bi ta ƙarƙashin yatsunsa. Matata ta ce tana yarinya, ko a gefen farantin abinci yatsun nan ba sa hutawa. A kusurwar teburinsa na ofis akwai 'yar rediyo da yake kamo kiɗan jaz da ita, irin kiɗan nan da ni dai nake jin kamar makaɗan sun yi faɗa kafin su fara, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa ya haddace shi tsaf a ka, alhali bai taɓa riƙe abin kiɗa ba.

Da ya yi ritaya, ba a jima ba matarsa ta rasu. Muna jiran mu ga ya sayi kujerar zaman ƙofar gida kamar sauran sa'o'insa, sai ga shi ya hawo bene da tsohuwar jita a kafaɗa. Wajen wasu tsofaffi biyu ya koya, mai ganga da mai babbar jita, a bayan wani shagon gyaran rediyo. Hannu ya fara faɗawa ke nan, amosanin gaɓɓai ya yi sallama. Yatsun da suka gajiyar da tafireta suka kumbura a gaɓa, suka karkace kamar saiwar citta.

Matata, wadda nake kira Hukuma idan ba ta kusa, ta ce Baba ya tattara ya dawo gidanmu. Baba ya ce a ɗakin nan matarsa ta cika, ta tagar nan yake kallon titi, ba inda za shi. Aka ja aka ja, aka tsaya a kan sharaɗi: kullum bayan la'asar za ta kira shi, ya ajiye waya a kan tebur ya kaɗa mata jita. Muddin tana jin kiɗa, hannu na da rai, ya zauna abinsa. Ranar da kiɗa ya ɗauke, motar kaya za ta zo. Ɗakin da aka tanadar masa kuwa falona ne, inda nake miƙe ƙafa in kalli ƙwallo. Saboda haka duk duniya, in ka cire Baba, babu mai yi wa jitar nan addu'a kamata.

Ni kuma aka ɗora mini aikin safe. Kafin in tafi wurin sana'ata ta koyar da tuƙin mota, sai na hau benen na ɓalla masa maɓallan riga, na buɗe kwalbar magani, na murɗa famfo, na ɗaura masa agogo. Yana tsaye ƙiƙam, haɓa a sama, kamar mai jiran a rataya masa lambar girma.

To sana'ata ta koya mini abu ɗaya: duk wanda ya ce maka ya iya, sa ƙafarka kusa da birki. Bayan tukunyar nan sai na fara lissafi. Da safe mutum ba ya iya kama maɓalli, da yamma kuma yatsu na tsere a kan tsirkiya? Ɗayan biyu ne. Ko hannun lafiyarsa ƙalau, ni ake mayarwa bawa, ko kuwa kiɗan ba nasa ba ne, 'yarsa ake yi wa wayo.

Na tsaya wajen mai gugan da ke ƙasan benen, na bugi cikinsa.

Ya ɗaga dutsen guga ya ce, "Direba, ni ba ruwana da maganar mutane. Amma kiɗan nan har da ganga a ciki. Ka taɓa ganin mutum ɗaya ya kaɗa jita da ganga da hannun da ba ya riƙe kofi?"

"Ko abokansa ne suke zuwa?"

"Waɗanne? Mai gangar ya rasu bara, ɗayan kuma 'ya'yansa sun ɗauke shi. Ba mai hawa benen nan sai kai. Ga kyandir da yake aikena in sayo, kwali-kwali, gidan da ga lantarki."

Washegari ina ɓalla maɓalli ina satar kallo. Ai kuwa ga rikoda a kan kabad, an lulluɓe ta da ƙyalle, kaset a ciki. Amma na ce bari in fara gwada hannun. Da na zuba masa sukari a shayi, sai na ɗaure murfin kwalbar iya ƙarfina. Baba da sukari kamar ƙuda ne, in hannun na aiki, ko da haƙori sai ya buɗe. Na dawo da safe na tarar da kwalbar yadda na bar ta, ga kofin shayin jiya ya sha rabi ya ture. Ya dubi kwalbar, ya dube ni. Hannu dai ba ƙarya. Saura kiɗa.

Na ce, "Baba, rikodar nan kamar tana cin kaset. Bari in kai a duba ta."

"Ka taɓa jin ta ne?"

"A'a, daga ganinta dai."

"Likita ke nan. Ɗauka."

Da yammar ranar na zauna kusa da Hukuma, rikoda na kulle a but ɗin motata. Sai a lokacin na tuna cewa in gaskiyata ta fito, falona ya tafi. Ta kira. Aka yi shiru, aka yi tari, sai ga jita ta taso, ita kaɗai, ba ganga, tana tafiya tana tsayawa.

Hukuma ta kashe waya ta yi tagumi. "Yau kiɗan Baba ya rame. Ina sauran? Anya ma da can shi yake kaɗawa?"

"Haba, ke kuwa, mahaifinki zai yi miki ƙarya?"

"A kan ɗakin nan? Har rantsuwa zai yi. Ranar Asabar zan je ba sanarwa. In na tarar hannun ya mutu, da motar kaya zan dawo."

Na jawo wa tsoho, na jawo wa kaina. Kuma har a lokacin zargina bai kwanta ba. Na ce ko akwai rikoda ta biyu a ƙarƙashin gado, ko ya ɗauki wani haya yana hawowa ta baya. Kashegari na sallami ɗalibata da wuri, wata baiwar Allah da ke rufe ido idan ta ga babbar mota, na hau benen ana idar da la'asar, takalmi a hannu, na buɗe da makullina.

Yana zaune a bakin gado, tukunyar nan a gabansa bisa kujera. Ya tsoma hannun hagu a kakin, ya fitar, ya jira ya yi fari, ya sake tsomawa, har hannun ya zama kamar ya sa safa. Ya yi wa na dama haka. Ya cusa su a leda, ya tura ƙarƙashin tawul da gwiwar hannu. Bai ko waigo ba ya ce, "Tunda ka zo gadi, naɗe mini tawul ɗin da kyau."

Na naɗe. Muka zauna, yana kallon taga. Da zafin kakin ya ratsa gaɓɓan ya sassauta su, ya sa na ɓare kakin na mayar tukunya. Ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana cije leɓe. Biyu na hagu suka miƙe, sauran suka ƙi. Ya ce in ɗora masa jitar a kan matashi, wuyanta ya tashi sama, don kada wuyan hannu ya lanƙwasa. Tsirkiyoyin sirara ne, ya ce masu kauri sun fi ƙarfinsa tun bara.

"Rikodar fa, Baba?"

"Abokaina ne a ciki. Sun kaɗa mini nasu kafin a watse, suka bar mini gurbina. Ka kulle su a but, ko?"

Sai wayarsa ta yi ƙara, 'yar ƙarama mai maɓallai. Na danna masa. Ya fara da ƙafa, yana buga ƙasa a madadin ganga, sannan babban yatsan dama ya sauka a kan tsirkiya. Yatsu biyun nan suka riƙa zamewa a wuyan jitar, sama da ƙasa. Inda ba za su kai ba sai ya bar wurin fayau, ya jira, ya faɗo a gaba. Ni da nake cewa kiɗan faɗa ne, sai ga ni ina gyaɗa kai.

Ana cikin haka yatsa ɗaya ya ƙage. Kiɗa ya tsaya cak. Gumi ya karyo masa a goshi.

"Baba?" in ji Hukuma ta cikin waya. "Baba, kaset ɗin ne ya tsinke?"

Na yi wuf na ce, "Ba kaset ba ne, ina nan, da idona nake gani."

"Kai? Me ya kai ka can? Ai ku biyun bakinku ɗaya, na san falonka kake karewa. Kira ni da wayarka in gan shi."

Na dubi Baba. Ya ɗaga mini gira. Na yi mata kiran bidiyo, na saita masa wayar. Ya tura hannun a ƙarƙashin tawul mai sauran ɗumi, ya murza, ya fitar. Yatsan ya ƙi sakewa. Sai ya ƙyale shi, ya kama waƙar daga inda ta tsaya da yatsa ɗaya tal, a hankali, yana jan kowane sauti har ya ƙare kafin ya taɓa na gaba. Fuskar Hukuma ta cika wayar, ba ta ko ƙifta ido. Da ya kai ƙarshe ta ja hanci, ta goge ido da bakin mayafi.

"Asabar ɗin zan zo dai," ta ce. "Amma ba da mota ba. Kuma wannan tukunyar ta mece ce?"

"Tambayi mijinki," in ji Baba. "Shi ya ɗanɗana."

Da ta kashe, na ɗauke masa jitar. Hannun har ya fara komawa gidan jiya, yana dunƙulewa a kan cinyarsa. Ya nuna mini wuyan rigarsa da haɓa, wai in kwance masa, zafi yake ji. Ina kwancewa bakina ya ƙi haƙuri.

"Baba, a gafarce ni. Hannun da ya yi wannan aiki a kan tsirkiya, in an tsoma shi a kakin da safe, ai maɓallin riga ba zai gagare shi ba."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan abin da hannun nan yake ara mini a yini, so kake in ƙarar da shi a kan maɓalli? To na ba ka 'yata don me? Sauka ka ɗauko mini abokaina, in ka dawo ka buɗe sukarin da ka ɗaure."